Mai Jan Igiyar Awo

Ni ne Mumuni, mai riƙe bakin igiya.
Shekara ashirin da bakwai
Boakye na leƙa na'urarsa mai ƙafa uku,
ni ina can cikin ciyawa har ƙugu.
Ya ɗaga hannu, in kafa turke.
Ɗari ta nan, saba'in ta can,
gonar koko ta kwanta, fuloti ya miƙe.
Haka muka yi ta jan Kumasi
kamar fatar da ake shanyawa,
kowace kusurwa da ƙusarta.

A Aboabo aka yanke mini cibi.
Can, in Inna Adiza ta ce gishiri ya ƙare,
kafin tukunya ta tafasa na dawo,
har na tsaya kallon masu dara.
Masallaci na jin tarin mahauci,
makaranta na shaƙar ƙamshin dokunu,
mai gyaran rediyo da ungozoma katanga ɗaya.
Matsi ne, ban musa ba.
Kwata tana wari, rufin kwano na yoyo,
amma ƙafa ce motar kowa,
kuma ƙafa ba ta hayaƙi.

Da na tara 'yan kuɗina
sai na sayi fili a bayan Abuakwa,
cikin turakun da na kafa da hannuna.
Na ja katanga, na sa ƙofar ƙarfe,
na ce yau na huta da hayaniya.
Ashe a takardar da muka zana
inda aka rubuta kasuwa an sayar,
inda aka rubuta makaranta an sayar,
hanyar ƙafa ma wani ya gina bayi a kai.
Yanzu gishiri sai da fetur.
Allura sai da fetur.
Gaisuwar mutuwa, mota biyu da ɗan acaɓa.

Kafin assalatu muke fita, ni da jikata Rakiya.
A Sofoline motoci sun yi sahu
kamar masu jiran liman da ba zai zo ba.
Ba mai gaba, ba mai baya,
injuna dai na ta nishi,
kowace tiro-tiro da baƙin numfashinta.
Yarinyar na barci a kafaɗata,
in ta share hanci, hankici ya yi baƙi.

Ran nan ta dawo da magana a baki.
Wai malamarsu ta ce hayaƙin nan ba ya ɓata,
hawa yake, yana taruwa,
yana zama bargo a kan duniya,
shi ya sa dare ya daina sanyi,
ruwan sama ya koyi saɓa alkawari.
Sai ta ce, Kaka,
wa ya ajiye gidanmu nesa da komai?

Na dubi tafin hannuna.
Kantar igiya na nan ba ta goge ba.
Na ce mata, ci ƙosanki, zai huce.

Jiya ɗan Boakye ya biyo da sabuwar na'ura,
wai an kira shi wani ƙaramin gari ta hanyar Offinso,
inda har yau awaki ke kwana a kan titi
kuma kowa na zuwa kasuwa da silifa.
Na riƙe hannun rigarsa, na ce,
yaro, garin nan bai riga ya bushe ba,
tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Sa kasuwa a tsakiya, ka tsaya a kanta.
Bar lungu ga mai tafiya ƙasa,
bar wa mangwaro inuwarsa.
Kafin ka kafa turke
nemo tsohuwa mai ciwon gwiwa,
ka auna da takunta.

Ya yi dariya, ya ce Baba ya tsufa.
Ya tayar da mota.
Na daɗe a tsaye ina kallon hayaƙinta
yana hawa, bai ɓata ba.